Hular Baba Tana Hanya

Sansanin aikin hanya, arewa da Yakutsk
Farkon Yuli

Yaya Batma,

Wata shida ke nan rabona da gida, tun safiyar da kika cusa mini borsok, soyayyen burodin nan namu, a aljihu a tashar At-Bashi, kina cewa in saki fuska kamar ba gidan yari za a kai ni ba. To, gidan yarin muke. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ina gaida Burul da abin da take ɗauke da shi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon bayan nan da kika sani, da sauron da ke cin mutum ta cikin riga.

Tun da annobar nan ta shigo suka rufe sansani, ba shiga ba fita, jirage kuma sun tsaya. An rage mana albashi, wai kamfani ma yana jin jiki. Ban taɓa ganin kamfani yana tari ba, amma ba zan yi musu ƙarya ba, suna ba mu abinci sau uku. Babu sabis a dajin nan. Takarda nake rubutawa, direban motar abinci ya ɗauki hotonta idan ya isa gari ya tura miki, amsarki kuma ta kwanta a wayarsa har ya dawo. Idan kin ji shiru, hanya ce, ba ni ba ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Direban ya ce korona ta cika Bishkek, mutane kwance har a barandar asibiti. Kin san sau biyu cikin Burul yana zubewa, wannan ne karon farko da ya wuce wata shida. Don Allah kada ta je taro, ko na biki ko na mutuwa. Na san Inna. Ba za ta iya zama a ce gidan marigayi Jumadil ba su turo suruka ta zuba wa baƙi shayi ba. Na kuma san matata. Macen da ta shekara tara a gidanmu ba ta taɓa kama sunanki ba, sai dai “Malama”, ba ita ce za ta buɗe baki ta ce wa Inna a’a ba. Ke ce mai baki a gidan nan, kin saba yi wa ’yan aji tsawa. Ki yi wa Inna ko da rabinta ne.

Ƙanenki,
Esenkul

*

At-Bashi
Tsakiyar Yuli

Esenkul,

Mun gode da gaisuwa. Inna tana ɗan tari amma tana kan ƙafarta, tumaki suna kan dutse lafiya. Ba zan yi ta kewaye ba, takardarka ta zo a makare.

Baffa Sultanali ya rasu kafin ta iso. An ce sanyin haƙarƙari ne, kowa ya san abin da ake nufi. Aka kafa bukkar makoki, aka yanka doki, mutane suka zo daga ko’ina. Tun kafin ka rubuto na yi magana. Na ce, “Inna, a bar Burul a gida, ni zan zuba shayin.” Ta dube ni ta ce, “Ke ’yar gida ce ko suruka? Aurenki ma shekara biyu ya yi kika dawo mini da akwati, yau ke za ki koya mini zaman dangi? Da cikin Esenkul na zuba shayi a makokin kakanku, me ya same ni?” Na ce, “Ai shi ya sa ya zo bakwaini.” Ta ce, “To mutuwa ya yi? Ga shi can ƙato yana cinye wa Rashawa burodi.”

Burul ta tafi da takunkumi a fuska. Ranar farko wata tsohuwa daga dangin matar Baffa ta karɓi kofi ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Surukar gidan Jumadil warinmu take ji ne?” Ina kallo Burul ta sa hannu ta cire, ta cusa a aljihu. Haka ta yi ta durƙusawa gaban mutane har aka tashi makoki.

Bayan mako ta ce shayi ba ya mata ɗanɗano. Sai zazzaɓi. Shekaranjiya ta kasa ƙarasa magana ba ta tsaya ta ja numfashi ba, muka kai ta asibiti. Sun karɓe ta, sun hana mu shiga. Na tambayi ma’aikaciyar jinya yaron fa, ta ce zuciyarsa na bugawa. Iya abin da na sani ke nan, iya shi na faɗa maka.

Batma

*

Sansani
Ƙarshen Yuli

Yaya,

A tsaye na karanta, jikin mota, direba yana jira in ba shi wayarsa. Ina gaishe ku, tun da haka aka saba buɗe takarda.

Doki guda kuka yanka wa mamaci bai isa ba, sai da kuka ƙara masa da matata. Baffa Sultanali, Allah ya jiƙansa, ko ƙwaurin rago bai taɓa aiko mana ba tun rasuwar Baba, amma dole mai ciki ta durƙusa wa baƙinsa. Ita kuma tsohuwar nan mai hanci, ki gaya mini sunanta. Ba abin da zan yi mata. So nake in san wanda nake zagi idan ina fasa dutse.

Na rubuta abin da ya fi wannan muni a kan Inna, na yage. Abin da aka yi mata ne ta yi, ba ta san wani ba. Kuma wanda ya bar mace da ciki ya tafi shimfiɗa wa wasu hanya a ƙasar da ba tasa ba, bai kamata muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi ba. Kada ki karanta mata farkon takardar nan. Ki ce ina gaishe ta, ta sha maganin tarinta.

Na sa direba ya tura miki duk abin da ke hannuna. Ki nemi mota a kai Burul Bishkek. Idan injin iska ake bukata, ki saya. Idan wani ne sai an sa masa abu a hannu, ki sa, ba na tambaya. Ki rubuto ko da layi ɗaya ne duk lokacin da kika samu hali, ya taru a wayar mutumin nan.

Esenkul

*

At-Bashi
Bayan Babbar Sallah

Esenkul,

Barka da Sallah, barka kuma da samun ’ya. Mace ce. Tana da rai, uwarta ma tana da rai. Ka zauna ka karanta sauran.

Numfashin Burul ya yi ƙasa sosai, likita ta ce idan ba a ciro yarinyar ba za a rasa su biyun. Aka yi mata aiki da cikin wata bakwai. Ba a nuna mata ita ba, daga ɗakin aiki aka mayar da ita kan iska. An gwada jaririyar, ba ta ɗauki cutar ba. Ta taga na fara ganinta a cikin kwalba, ko kilo ɗaya da rabi ba ta cika ba, ƙafarta kamar babban yatsana.

Kuɗinka suna nan, ban taɓa ba, don babu abin da za su saya. Na buga waya Bishkek har kunnena ya yi zafi. Ba gado, ba injin iska, wanda ke da shi ba ya sayarwa.

Kwalba biyu ce a asibitin, bakwaini kuwa sun yi yawa, duk na matan da cutar ta kama. Washegarin Sallah likitar ta kira ni ƙofar baya. Ita kanta da ƙyar take tsayuwa, rabin ma’aikatanta suna kwance. Ta ce, “Yaya, taku tana numfashi da kanta, akwai wanda ba ya yi. Kuma nan ba wurin ajiye mai lafiya ba ne. Ki tafi da ita. Ɗumi, nono da cokali kaɗan-kaɗan, kada mai tari ya matso.” Na so in yi mata ihu, na rasa a kan me.

Inna ta warke. Ta sa an kafa tsohuwar bukkarmu a tsakar gida, ta hura murhu, ba mai shiga sai ni da ita. Anarkul maƙwabciyarmu tana goyo, ita take tatso mana nono a kofi ta ajiye a bakin ƙofa. Inna tana shafe yarinyar da kitsen jelar rago safe da yamma. Ta raɗa mata Tursunai, wato “ta zauna”, kada ta bi ’yan’uwanta da suka zube. Ba ta jira ka ba, ta ce suna ba ya jiran jirgi.

Yanzu saƙonta. Hular Baba take so, ta fatar yanyawa mai kunnuwa, wadda ka tafi da ita. Ka san yadda ake yi: bakwaini a hular ubansa ko kakansa ake sa shi, a rataye a sandar bukka, kullum a matsar da shi sanda ta gaba har ya cika kwanakin da ya bari a ciki. A cikinta aka rataye ka. Ta ɗinka jakar fatar ɗan rago muna amfani da ita, amma hankalinta bai kwanta ba. Kullum sai ta ce, “Wannan buhu ne. Yarinya ba ta ji warin gidansu ba, da me za a riƙe ta?”

Batma

*

Sansani
Tsakiyar Agusta

Yaya Batma,

Alhamdu lillahi. Na yi sujada a kan tsakuwa, mutane suka zaci faɗuwa na yi. Ki gaida Anarkul, ki ce mata ban san da wane baki zan gode mata ba.

Amma ki ji ni. Ina neman wa ’yata kwalba, kuna nema mata hula! Shekara goma sha ɗaya ina ciyar da sanyin ƙasar nan da ƙashina don kada ɗana ya taso kamar yadda muka taso, ƙarshenta a sandar bukka za a rataye ta kamar jakar gishiri. Na rayu a hular, na yarda. Su nawa aka sa a hula ba su rayu ba? Waɗannan Inna ba ta ba da labarinsu. Likitar ba na ganin laifinta. Da ni ne a tsaye tsakanin jarirai biyu da kwalba ɗaya, da na gudu.

Wannan na rubuta jiya. Yau da safe na ciro hular daga ƙarƙashin katifa. Har yanzu akwai warin tabar Baba a cikinta, sai na man dizal da na ƙara mata. Na zura hannuna ciki ina auna ko mutum zai iya shiga nan. Tun da abin nan ya fara, ita kaɗai ce abin da aka roƙe ni wanda nake da shi.

Na wanke cikinta, na shanya, na naɗe a leda. Direba zai kai ta Yakutsk wurin wani mutumin Osh mai babbar mota, shi ya sauke ta Novosibirsk, daga nan sai wanda Allah ya kawo. Manyan motocin kaya ne kaɗai ke ƙetare iyaka. Ashe hula ta fi mutum takardar izini. Abokin ɗakina yana kallo ina naɗewa ya ce, “Sanyi na zuwa, ɗan gari. Idan kunnuwanka suka guntule, su ma a leda za mu aika wa matarka?”

Ki ce wa Inna tana hanya. Ki kuma gaya mini gaskiya game da Burul.

Esenkul

*

Sansani
Satumba

Yaya,

Mota ta zo sau uku, ba komai a wayar. Na sa direba ya buɗe a gabana, har ya ji haushi.

Na san halinmu. Ba a faɗa wa na nesa mutuwa. Sai a yi shiru, ko a ce jiki ya yi tsanani, ka zo. Haka kuka yi mini lokacin Baba, na sauka a mota da magani a hannu na tarar da bukka a kafe. Kada ki yi mini haka, Batma. Ba ni da hanyar zuwa, don haka ladabin nan ba shi da amfani. Idan ɗaya ce ki rubuta sunanta. Idan su biyun ne ki rubuta “su biyun”. Zan iya ɗauka. Wannan shirun ne ba na iyawa.

Ganye ya gama zuba a nan. Ina aiki, ina ci, ina kwanciya.

Esenkul

*

At-Bashi
Farkon Oktoba

Ƙanena,

Ba wanda ya mutu. Na sa shi a layin farko don ka iya karanta na biyu.

Ni ce na kwanta. Cutar ta kama ni, na kulle kaina a ɗakin baya, ko sunana ban iya rubutawa ba balle takarda, Inna kuwa ka san waya a hannunta dutse ce. Ita kaɗai ta riƙe yarinyar. Ka yafe mini shirun.

Sai da na tashi ta ba ni labari. Wata rana ta sauke jakar ta ga yarinya ta yi shuɗi, ba numfashi. Ta ce ta murza tafin ƙafarta tana cewa, “Ke, ban gama da ke ba, ina za ki?” har ta yi ƙara. Daga ranar ba ta ƙara yarda da sanda ba. Sai ta rataye jakar ba kowa a ciki, ta matsar da ita kullum yadda aka saba, yarinyar kuma tana cikin rigarta, fata da fata, a zaune take barci. Na ce, “Inna, to al’adar fa?” Ta ce, “Jaka tana yin al’ada, ni ina yin jika. Rufe mini baki.”

Hular ta iso makon jiya, bayan kwanakin sun cika. Wani direba ya kawo ta har ƙofa, ya ƙi karɓar ko kuɗin shayi. Inna ta shinshina ta, ta juya mana baya na ɗan lokaci. Sannan ta ce a kawo Tursunai. Ba ta shiga ba, Esenkul. Ƙafafu da ɗuwawu suka shiga, sauran duk a waje, tana ta tsala kuka. Inna ta ce, “Dubi ’yar banza, an taso tun daga ƙarshen duniya dominta, ta ce ta fi ƙarfin hular kakanta.” Muka yi dariya har Anarkul ta leƙo.

An sallamo Burul. Ba ta iya ƙetare tsakar gida sai ta huta a hanya. Ranar da ta fara ɗaukar ’yarta, yarinyar ta juya kai tana neman Anarkul, don nonon Burul ya ƙafe a asibiti. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Inna ta shiga da kanta ta zuba mata shayi, ta miƙa mata da hannu biyu. Ban taɓa gani ba.

Saura abu ɗaya, ba zan ɓoye ba. Yarinyar ba ta bin hasken fitila da ido. Likitar ta ce hakan na faruwa da bakwaini, wani ya gyaru idan an yi aiki da wuri, wani ba ya gyaruwa. Dole likitan ido na Bishkek ya gan ta kafin ƙanƙara ta rufe hanyar dutse, kuma za a yi ta komawa. Yanzu kuɗinka sun samu abin saya, sai dai ba za su kai ba.

Ga Burul, ta ce in ba ta biro.

Ina gaishe ka. Malama ta ce ka yi faɗa. Kada ka yi faɗa da Inna, ni na cire takunkumin da hannuna. Goshin yarinyar naka ne. Hular tana ƙarƙashin matashina, in mayar maka? Me kake sawa a kai?

*

Sansani
Ƙarshen Oktoba

Yaya Batma, Burul,

Ina gaishe ku, ina gaida Inna. Ku ce mata ɗanta ya ce hannunta ya fi kwalba. Ku faɗa mata sau ɗaya kawai, kada ta saba.

Burul, ba ke kika cire takunkumin ba. Mu duka muka cire miki, har da ni da nake nan. Kada a mayar da hular. Kafin ta iso na saba da sanyin, kuma ta gaji da tafiya. Kamfani ya ba mu wata ta roba mai ɗan auduga, ina naɗa tawul a ƙarƙashinta. Kunnuwana suna nan duka biyu, abokin ɗakina yana duba su kowace safiya.

An buɗe sansani. An ce jirgi ya fara tashi daga Novosibirsk, mutum huɗu cikinmu sun tafi. Na ɗauki jakata na kai har bakin mota, na tambayi kuɗin tafiya, na dawo da ita ɗaki. Kuɗin da zai kawo ni in gan ta shi ne kuɗin da zai kai ta wurin wanda zai sa ta gan ni, in Allah ya yarda za ta gani. Na sa hannu a aikin sanyi har bazara. Suna biyan ƙari, saboda ba mai hankalin da yake tsayawa.

Ku tafi Bishkek a makon nan, kada ku jira takardata ta gaba. Duk abin da likitan ya faɗa, a layin farko za ki rubuta mini shi, Yaya, kamar yadda kika yi.

Ga abin da na tara tun bayan wancan da na turo: rubul dubu arba’in da uku, na ba direba ya tura miki gobe. Albashin wata ɗaya yana hannun kamfani, sun ce ƙarshen shekara. Na riƙe dubu biyu na sabulu da shayi. Sai takalmin jariri ja, ƙafa ɗaya da ’yar’uwarta, da na saya a Yakutsk tun ina hanyar zuwa. Shi ban ba direba ba. Da hannuna zan kawo.

Esenkul